Wa Ke Shan Wutar Gidana Da Tsakar Dare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mako uku ke nan da na sa aka maƙala mini na'urar auna wuta a akwatin birekokin gidana, irin wadda ke nuna wa mutum a waya wat nawa gida ke ja a kowane lokaci. Maimakon hankalina ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Ƙarfe uku na dare, kowa na barci, fitilu a kashe, ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki, amma lambar ba ta taɓa sauka ƙasa da wat 310 ba. Bayan wannan akwai wani abu da ke tashi kamar duk minti ashirin, ya ƙara wat 750, ya yi daƙiƙa arba'in ya ɗauke, dare da rana. Manhajar ta kasa gaya mini ko mene ne. Muna da firiji da firiza, da inbata mai batir biyu da suka shekara huɗu, da injin tura ruwa, da hitar wanka, da AC biyu, da kyamarorin tsaro. Uwargida ta ce maƙwabcinmu ne ya ja waya. Mai gyaran wuta ya ce ko mita ce ta lalace, ko wuta na zurarewa ƙasa. Ni kuma kullum cikin faɗa nake da yara a kan cajar da suke bari a soket. In nemi a canza mita ne, ko in je in tuhumi maƙwabci? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna, yaran ma ka sarara musu. Duk abin da aka gaya maka zato ne, alhali kana da abin awo a hannu. Awa biyu da littafi da biro za su raba gardamar nan, in ka bi aikin daki-daki.

Lissafi za mu fara yi, don shi zai nuna maka inda ya cancanci ka sa ƙarfinka. Yunit ɗin da mita ke ƙirgawa shi ne wat dubu na tsawon awa ɗaya. Wat 310 ɗinka sau awa 24 ya ba da yunit 7.4 a rana, wajen 223 a wata. Shi kuwa mai tsallen nan da ke ɗaukar maka ido, in yana tashi sau 72 a yini da dare yana daƙiƙa arba'in-arba'in, aikinsa duka minti 48 ne, yunit 0.6 ke nan a rana. Mai shirun ya ninka mai hayaniyar sau goma sha biyu. Ka riƙe wannan ma'auni a ka: duk wat ɗaya da ke ci ba yankewa, yunit 8.76 yake cinyewa a shekara.

Caja kuwa, an bar jaki ne ana dukan taiki. Cajar waya ta zamani da ke soket babu waya a jikinta ba ta kai rabin wat ba, guda goma ma ba za su haɗa wat biyar ba. Talabijin da makamantanta su ma sun daina zama ɓarayin da aka sani a da. Tun 2010 Tarayyar Turai ta ƙayyade wa irin waɗannan kaya wat ɗaya in an kashe su suna jira, a 2013 ta rage zuwa rabin wat, kamfanoni da yawa kuma sun bi wannan tsari a kayan da suke sayarwa ko'ina. Wat 310 ba tarin caja ba ne. Akwai manya biyu ko uku a ciki.

Manhajar da ta kasa ba ka suna ba ta lalace ba. Dabarar gane kayan wuta daga babbar waya guda, wadda George Hart ya assasa a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, ta dogara ne da kunnawa da kashewa. Abu ya kama, lamba ta yi tsalle da wani adadi. Ya ɗauke, ta faɗo da adadin nan. Da wannan sawun ake gane shi. Abin da ba ya kashewa ko kaɗan ba shi da sawu, don haka ko shekara za ka ba ta ba za ta ambaci sunansa ba. Haka nan firiji da AC masu kwamfiresa mai sauya gudu, su a hankali suke hawa su sauka, sai manhajar ta ruɗe. Wannan aikin hannu ne, kai za ka yi shi.

Kafin ka bi sawun ɓarawo, tabbatar cewa mai ba ka labarin ba ya ƙarya. Gwajin farko mai sauƙi ne. Dubi lambar da ke waya, kunna butar lantarki, ka ga nawa ta ƙaru. In an rubuta wat 2,000 a ƙasan butar, ƙarin ya kusanci haka. Sai dai ka lura da ƙarfin wutar lokacin: butar da aka yi wa bolt 230, in wutar ta sauko zuwa bolt 200, wat 1,500 da ɗoriya kawai za ta ja, wannan kuma ba laifin na'ura ba ne.

Gwaji na biyu shi ya fi amfani, domin zai wanke mita ko ya kama ta. Yawancin mitocin zamani suna da ɗan jan haske mai ƙyaftawa, kusa da shi an rubuta lamba kamar 1000 imp/kWh ko 1600 imp/kWh, wato yawan ƙyaftawar da ke cika yunit ɗaya. Tsaya gaban mitar da agogon wayarka a irin lokacin da gida ya yi shiru, ka ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin ƙyaftawa biyu. In mitar ta 1000 ce, raba 3,600 da daƙiƙun, abin da ya fito shi ne wat. In ta 1600 ce, raba 2,250. Gidan da ke jan wat 310 zai ƙyafta duk daƙiƙa 11 zuwa 12 a ta farko, duk daƙiƙa 7 da ɗan kai a ta biyu. Ƙirga ƙyaftawa goma ka raba lokacin goma, ya fi ka dogara da guda. Idan bakin mita da na na'urarka ya zo ɗaya, da wuya a ce kayan awo biyu da ba su san juna ba sun yi kuskure iri ɗaya. Wutar gaskiya ake sha, maganar canza mita ta faɗi.

Idan kuwa na'urar ta ce 310, mita ta ce 190, to duba irin na'urar da kake da ita. Akwai masu arha da zobe kawai gare su, wanda ake maƙala wa waya, ba a haɗa su da wuta don su auna bolt ba. Irin wannan amfa take aunawa, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, ta ninka da wani bolt da aka saka mata a ka, ta kira shi wat. Ga hita da dutsen guga lissafin na fita daidai. Ga injina da kayan lantarki masu caja a ciki ba ya fita, domin wani kaso na amfar da ke yawo a wayar zuwa yake ya dawo ba tare da ya yi aiki ba, mitar gida kuma a yawancin wurare ba ta ƙirga shi. Amfa 1.3 a bolt 230 zai nuna kusan 300, alhali ainihin cin zai iya zama 180. Da dare, lokacin da irin waɗannan kayan ne kaɗai ke kunne, nan kuskuren ya fi girma. Masu auna bolt da kansu, irin su Shelly EM da Emporia Vue, ba su da wannan matsala.

Sauran kurakuran na maƙalawa ne. Zoben da bai rufe ƙam ba, ko ƙura ta shiga bakinsa, yana rage lamba. Wanda aka juya baya yana nuna lamba mai alamar ragi. Wanda aka zagaya wa waya mai wuta da nutural a haɗe sifili zai nuna, don ɗaya na soke ɗaya. A gida mai layi uku, in aka haɗa zoben layi na ɗaya da bolt na layi na biyu, lambar za ta fito shirme. Gyaran duk wannan a cikin akwati yake, kuma ba naka ba ne. Ko ka sauke babbar bireka, wayoyin da ke shigowa daga mita da wutarsu a jiki. Ka tsaya a kan sauke bireka da ɗaga ta daga waje. Buɗe murfi da taɓa zobe na ma'aikacin lantarki ne.

Mai tsallen nan, duk alamu na nuna injin ruwanka ne. Wat 750 ƙarfin ƙaramin injin gida ne, daƙiƙa arba'in lokacin da yake ɗauka ya mayar da matsin ruwa ne, rashin bambanci tsakanin dare da rana kuma na nuna ba mutum ke kunna shi ba. In ka faɗaɗa zanen a manhaja za ka ga ɗan tsini a farkon kowane tashi, sannan layin ya sauko ya miƙe. Inji ke yin haka. Hita ba ta da tsini, tsaye take hawa, ta miƙe, ta faɗo tsaye kamar bulo. Tabbatarwa ba wuya: sauke birekar injin na awa ɗaya, ka ga ko tsallen ya ɓace.

In shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Injin da ke tashi ba wanda ya buɗe famfo, ruwa ne ke gudu ta wani wuri. Rufe bawul ɗin da ke tsakanin injin da gida, ka bar injin a kunne. Idan ya daina tashi, yoyon a cikin gida yake. Fara da tankin bayan gida: ɗiga kala a ciki, kada kowa ya ja ruwa minti ashirin, in kalar ta bayyana a kwanon to robar ƙasan tankin ta gaji. Sai famfo mai ɗiga, sai bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda damshin bango ko wurin da ba ya bushewa ke tona wa asiri. Idan kuma ka rufe bawul ɗin injin bai fasa tashi ba, bawul mai hana ruwa komawa baya ne ya lalace, ruwan na zurarewa inda ya fito. Akwai cuta ta uku mai kama da wannan: injin ya riƙa kamawa yana saki duk 'yan daƙiƙu da zarar an buɗe famfo. Wannan iskar ɗan tankin matsi ce ta fita, ko robar cikinsa ta fashe. Ana auna iskar ne bayan an kashe injin an zubar da ruwan, a cika ta ƙasa kaɗan da matsin da injin ke tashi a kai, da kamar 0.2 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Wutar da injin ke ci kaɗan ce, amma ruwa na tafiya, yawan tashin kuma na cin ran injin.

Yanzu babban aikin. Zaɓi lokacin da mutanen gida za su iya haƙuri da awa biyu ba wanda ya kunna ko ya kashe komai. Kashe kwamfuta yadda ya kamata. In akwai mara lafiya da ke amfani da na'urar numfashi ko wata irinta, layinsa ba ya cikin gwaji. Gano birekar da ke ba na'urar awon wuta da wadda ke riƙe da rautar intanet, ka bar su sai ƙarshe, in ba haka ba wayarka za ta tsaya a kan tsohuwar lamba kana rubuta ƙarya ba ka sani ba.

Fara da cire masu kamawa da saki, don su ke dagula lissafi: zare filogin firiji, jira minti biyu, rubuta lamba, zare na firiza, jira, rubuta, sauke na injin ruwa da na hita. In ba a buɗe ƙofarsa ba, firiji zai riƙe sanyi wajen awa huɗu, ba abin da zai same shi. Sannan ka bi sauran birekokin ɗaya bayan ɗaya. Sauke guda, jira minti biyu, rubuta sunanta da lambar da ta rage, ka bar ta a sauke, ka wuce ta gaba. Kada ka sauke ka ɗaga nan take sannan ka wuce, domin kayan da aka dawo wa da wuta sukan ja fiye da ƙima na 'yan mintoci, dikoda na tashi, batir na caji, su ɓata maka awon da ke biye. Wasu na ba da shawarar a sauke rabin birekoki a lokaci ɗaya, a sake raba rabin. Dabara ce mai kyau in ɓarawo ɗaya ake nema. Naka taron dangi ne, ɗaya-ɗaya za ta fi ba ka hoton gaskiya.

Littafinka zai ƙare da wani abu kamar haka: 310, an cire firiji 310, an cire firiza 195, layin falo 170, layin kyamarori 135, AC biyu 125, layin inbata 15. Misali ne kawai, amma dubi yadda ake karanta shi. Firijin bai canza komai ba saboda a lokacin kwamfiresarsa na hutawa, abin da ake so ke nan. Firizar ta faɗo da 115, inbata da 110. Su biyu sun kwashe kashi biyu cikin uku da ɗoriya. Ragowar ƙananan na halal ne: rauta takan ci wat 5 zuwa 15, dikoda 10 zuwa 25 ko an ce mata ta kwanta, na'urar naɗar kyamarori da kyamarorinta 20 zuwa 50. In ka gama, ɗaga birekokin ɗaya-ɗaya, ka ba firiji da firiza aƙalla minti biyar tsakanin cirewa da mayarwa, don kwamfiresa ba ta son tashi a kan matsin da bai sauka ba.

Ba haka kawai muka ɗora laifin a kan waɗannan biyu a misalin ba. A jerin kayan da ka lissafa, su muka fi zargi.

Firiza lafiyayyiya takan yi aiki ta huta, ta yi ta huta. Lambar da ba ta taɓa sauka ƙasa da 310 ba cikin mako uku na iya nufin akwai kwamfiresar da ba ta hutu sam. Sa kunne a jikinta sau da yawa a yini. In kullum tana gunji, duba abu huɗu. Robar ƙofa: rufe ƙofar a kan 'yar takarda ka ja, in ta zaro ba turjiya robar ta saki, a gwada kowane gefe. Ragar da ke fitar da zafi: in ƙura ta toshe ta, ko an matse firizar da bango ba wurin iska, zafi ba ya fita. Ƙanƙarar da ta yi kauri a ciki: a narkar da ita. Sai ma'aunin sanyin da ke yanke wuta: in ya maƙale, firizar za ta yi sanyin da ya wuce kima ba ta tsaya ba. In kuwa tana ta gudu amma sanyin bai kai ba, gas ne ya ragu ko kwamfiresar ta gaji, sai mai gyara. Awon da ya fi dacewa da firiji da firiza shi ne ƙaramar mitar da ake sawa tsakanin filogi da soket, a bar ta awa 24 cif, a kwatanta yunit ɗin da abin da ke rubuce a takardar kamfani. Karatun minti ɗaya ba ya gaya maka komai game da abin da ke kamawa yana saki. Kada kuma ka tsorata in ka ga firiji marar tara ƙanƙara ya ja wat ɗari biyu ko fiye na minti ashirin sau biyu ko uku a yini. Hitar narkar da ƙanƙara ce a cikinsa, aikinta ke nan.

Inbata ta fi wuyar sha'ani, domin duk abin da ke bayanta a bireka ɗaya yake bayyana. Kuma in ka sauke birekar, kayan ba sa mutuwa, kan batir suke komawa, in ka ɗaga ta kuma caji ya tashi ya nuna maka lambar da ba ta yau da kullum ba. Ga yadda ake raba ta da kayanta. A lokacin da wuta ta daɗe ba ta yanke ba, batura sun cika, rubuta lamba. Juya makunnin da ke tsallake inbata ya kai wa kayan wuta kai tsaye, in akwai shi, sannan ka kashe inbatar ka yanke mata wuta. Bambancin da ka gani shi ne cin inbatar ita kanta haɗe da cajin batir. Wat 20 zuwa 60 ba abin mamaki ba ne ga inbatar gida. In ya haura ɗari alhali batura sun kwana a caji, to baturan ne ke shan abin da ba sa riƙewa.

Batir mai ruwan asid in ya cika, caja kan riƙe shi a bolt 13.5 zuwa 13.8, abin da yake sha kuma ƙasa da amfa ɗaya ne in yana da lafiya. In ɗaki ɗaya a cikinsa ya mutu, ba zai taɓa kaiwa inda cajar ke jira ba, sai ta yi ta ɗura masa. Amfa biyar a bolt 27, na batura biyu a jere, wat 135 ke nan, duk zafi da gas yake zama. Alamominsa: batir ya yi ɗumi ba a yi aiki da shi ba, ruwansa na ƙafewa da wuri, gefensa ya kumbura, ana jin wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, ko a auna a ga ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa da fiye da rabin bolt. In ka ga haka, yanke cajin, buɗe taga, kada a kawo wuta ko tartsatsi kusa, gas ɗin na kamawa. A shekara huɗu wannan ba baƙon abu ba ne. Idan za a canza, a canza biyun tare, sabo da tsoho a jere tsohon ke kashe sabon.

Hitar wanka ba ta cika shiga cikin lambar da ba ta motsi ba. Ita bulo take zanawa, wat 1,500 zuwa 3,000 na 'yan mintoci, ta ɗauke. In ka ga tana yawan yin haka da dare, famfon ruwan zafi na ɗiga, ko an bar ta a kunne ba bukata. Wasu manyan AC kuma suna da 'yar hita da ke ɗumama kwamfiresa ko an kashe su da rimot, takan ci wat gomomi. Makunninsu na bango ne kaɗai ke yanke ta. Sitabilaiza ma na cin nata ko ba a jona mata komai ba, ɗumin jikinta shaida ne. Hannu ma abin awo ne a nan: duk abin da aka ce a kashe yake amma ka taɓa ka ji ɗumi, yana cin wuta.

Sai maganar uwargida. Tana iya yin gaskiya, amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ga shi kuma akwai hanyar sani ba tare da an ɗaga murya ba. Idan ka sami layin da ke jan wuta bayan ka zare duk filogin da ke kansa ka kashe duk makunninsa, bar birekarsa a sauke kwana ɗaya ko biyu. Abin da ke kansa zai tona kansa: fitilar waje da na'urar gane duhunta ta maƙale tana ci da rana, injin ƙofar gareji, fanka a cikin rufi da aka manta da ita, ko wani ya zo yana tambaya ko an ɗauke wuta. Ko hakan ta faru, sau da yawa ba sata ba ce, tsohon haɗi ne tun lokacin da ginin yake ɗaya kafin a raba shi, ko fitilar da ake tarayya a kanta aka jona wa mitar mutum ɗaya. Kada ka yanke wayar da kanka. Ma'aikacin lantarki ya bi ta a gaban mai gidan da maƙwabcin, kowa ya gani da idonsa. Gwaji na ƙarshe a wannan babin: sauke babbar bireka, ka koma gaban mita minti biyar. Jan hasken ya kamata ya daina ƙyaftawa. In bai daina ba, akwai abin da aka jona tsakanin mita da akwatinka, ko mitar na da matsala, kuma kamfanin wuta za a kira.

Zurarewar wuta ƙasa da mai gyaranka ya ambata tana faruwa, sai dai lissafi na iya kore ta nan take. Duba ko akwatinka na da bireka mai kare mutum daga jan wuta, wadda ake kira RCD, mai ɗan maɓallin gwaji da rubutun 30mA. In akwai, ta rufe duka layukan, kuma tana faɗuwa in an danna maɓallin, to zurarewar da za ta bari ba ta wuce wat bakwai ba. Ba ita ce 310 ba. In babu ita, batun na nan a buɗe, kuma ya fi ƙarfin maganar yunit, na rai ne. Ma'aikacin zai maƙala ma'auninsa a kan waya mai wuta da nutural a haɗe; abin da ya tafi ya dawo yana soke kansa, duk abin da ya rage shi ne ke bin wata hanya. Sannan ya yanke wuta ya gwada rigar wayoyin da bolt 500, layin da ya gaza megaohm ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin rigar wajen tare wuta, sai an bincike shi. Wayar da aka binne zuwa fitilar waje, da hitar da ƙarfenta ya tsage, da injin da ke cikin ruwa, nan aka fi samun ta. Idan wani a gidan ya taɓa jin tsam a famfo ko a jikin firiza, ko akwai wurin da bango ke ɗumi, kada ka jira ranar gwaji, sauke layin yau ka kira shi.

In duk an gyara abin da aka gano, rubuta sabuwar lambar ƙarfe ukun dare a jikin murfin akwatin da kwanan wata, ka riƙa dubawa sau ɗaya a wata. Ranar da ta ƙaru da wat talatin ba ka sayi sabon abu ba, ka san akwai abin da ya fara lalacewa. Mita kuma, in har zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ɗauki hoton lambarta yau da ƙarfe takwas na safe, ka sake ɗauka bayan kwana bakwai a daidai wannan lokaci, ka kwatanta yunit ɗin da ta ƙirga da jimillar da na'urarka ta tara a makon. Bambancin kashi biyu ko uku cikin ɗari ba komai ba ne, zoben awon ma na da nasa kuskuren. In ya wuce kashi biyar, kuma na'urar ta ci gwajin buta, haɗa hotunan biyu da lissafin ka rubuta wa kamfanin wuta takardar neman a gwada mitar.